Termini ko Tiburtina: a wace tasha ya kamata ka hau jirgin ƙasa a birnin Rum?

Duk wanda ya buɗe shafin sayen tikitin jirgin ƙasa na Italiya ya rubuta "Roma", sunaye biyu ne za su fara yi masa sallama: Roma Termini da Roma Tiburtina. Sau da yawa jirgin ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne, bambancin lokacin tashi bai wuce minti 10 ba. Yawancin baƙi Termini suke dannawa, don ita ce sunan da kunnensu ya saba da shi, kuma galibi ba su yi kuskure ba. Sai dai akwai matafiyan da wannan dannawar ke jawo wa asarar kuɗi da jan akwati a banza, musamman wanda ya sauka a filin jirgin sama na Fiumicino alhali ba a Rum zai kwana ba.

Da abubuwa huɗu zan auna tashoshin biyu.

Na farko kuɗi. Ba kuɗin tikitin doguwar tafiya nake nufi ba, don wannan da wuya ya bambanta tsakanin tashoshin. Abin dubawa shi ne nawa za ka kashe kafin ka isa bakin jirgi, da nawa za ka kashe bayan ka sauka.

Na biyu sauƙi: nisan da za ka taka da kaya, matakala nawa ke gabanka, da ko baƙon da bai iya Italiyanci ba zai gane hanya.

Na uku ɗorewa. Tasha ba takalmi ba ce balle a tambayi shekara nawa za ta yi a ƙafa. Ɗorewa a nan ita ce ko shirinka zai tsaya da ƙafarsa ranar da al'amura suka karkace, kamar jirgi ya wuce ka, ko ma'aikata su shiga yajin aiki, ko dare ya yi maka a hanya.

Na huɗu haɗari, wato 'yan sane, masu damfara, da kurakuran da baƙo ke jawo wa kansa tara da su.

Termini: tsohuwar ƙofar gari

Sunan kansa yana ruɗa mutane. Tunda a nan dogo ke ƙarewa, da yawa sun ɗauka Termini na nufin ƙarshen layi. Ba daga nan sunan ya fito ba. Daga katafaren gidan wankan da sarki Diocletian ya gina wa mutanen Rum ne, wanda aka kammala wajen shekara ta 306, ana kiran irinsa thermae da Latin. Kangonsa na nan tsaye a tsallaken filin da ke gaban tashar. A gefen ƙofar ma akwai guntun ganuwar birnin ta ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, wani ɓangarenta har a ƙarƙashin tashar, kusa da inda mutane ke zama suna cin abinci ba tare da sun san abin da suka jingina da shi ba.

A 1863 aka buɗe tashar wucin gadi a wurin, zamanin da Fafaroma Pius na 9 ke mulkin birnin. An ɗora harsashin gini na dindindin a 1868 bisa zanen Salvatore Bianchi, amma kafin a gama sarauta ta sauya hannu: sojojin Italiya suka shiga Rum a 1870, birnin ya zama fadar gwamnatin ƙasa a 1871, ginin bai kammala ba sai 1874. Tashar da aka yanka wa 'yar ƙaramar ƙasar Fafaroma sai ga ta tana ɗaukar nauyin ƙasa guda, don haka ba a daɗe ba ta yi kaɗan.

A 1937 gwamnatin Mussolini ta yanke shawarar rushe ta a gina sabuwa, saboda babban bajekolin duniya da aka shirya yi a Rum a 1942. Angiolo Mazzoni ya yi zanen, aka gina dogayen fukafukai biyu, ɗaya a titin Giolitti ɗaya a titin Marsala. Yaƙin duniya na biyu ya hana bajekolin, aiki ya tsaya a 1943 ba a yi fuskar ginin ba. Sai a 1947 aka sake gasar zane, aka haɗa ayari biyu na masu zanen gine-gine, cikinsu akwai Eugenio Montuori da Annibale Vitellozzi, aka buɗe tashar a watan Disamba na 1950. Shi ya sa Termini ke da fuska biyu. Gefunanta masu nauyi ne, duwatsu da bakuna irin na zamanin kama-karya, gabanta kuwa gilashi ne da wani rufin kankare mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna dinosauro. A Disamban 2006 aka sadaukar da tashar ga Fafaroma John Paul na 2, amma ba wanda ya daina ce mata Termini.

Filin gaban tashar, inda bas-bas ke lodi, sunansa Piazza dei Cinquecento, wato dandalin mutum 500. Ɗan Afirka da ya tsaya jiran bas a nan ya kamata ya san su wane ne: sojojin Italiya ne da dakarun Habasha ƙarƙashin Ras Alula suka hallaka a Dogali, cikin Eritiriya ta yau, a watan Janairun 1887.

Yau tashar na da wuraren tsayawar jirgi kimanin 30, kuma mutum sama da miliyan 150 ke ratsa ta a shekara. Nan ne kaɗai layin A da na B na metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari, suke haɗuwa (B ya fara aiki a 1955, A kuma a 1980). Akwai kantuna a sama da ƙasa, kantin magani, wurin ajiyar kaya da ake biya a ɓangaren titin Giolitti, ofisoshin hayar mota, da wata kasuwar abinci mai suna Mercato Centrale da aka buɗe a 2016 cikin ɗaya daga cikin fukafukan Mazzoni. Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai kasuwar Esquilino, inda ake samun naman halal da kayan miya na Afirka da Asiya.

Ta fuskar kuɗi, Termini ta fi tsada wajen isowa daga Fiumicino. Jirgin da ke haɗa su kai tsaye, Leonardo Express, Yuro 14 ne, minti 32 ba tsayawa, kuma a yawancin sa'o'in rana kowane minti 15 akwai mai tashi. Bas ya fi araha, bai kai Yuro 10 ba, amma yana hannun cunkoson titi, ka ware masa awa guda ko fiye. Tasi kuwa kuɗinta a ƙayyade yake, Yuro 55 daga filin jirgi zuwa ko'ina cikin tsohuwar ganuwar Aurelian da ta kewaye tsakiyar gari, kuma Termini na ciki. Inda take rama wa mutum kuɗinsa shi ne bayan ya iso. Otal-otal na kowane aljihu sun kewaye ta, da ƙafa za ka isa. Colosseo, tsohon filin wasannin Rumawan da, zango biyu ne a layin B, Vatikan zango shida a layin A idan ka sauka a Ottaviano, majami'ar Santa Maria Maggiore kuwa, inda aka binne Fafaroma Francis a Afrilun 2025, ba ta buƙatar abin hawa.

Sauƙinta ya samo asali ne daga abin da wasu ke ɗauka aibi ne. Tunda jirage da kai suke shigowa su tsaya a jere, bakunan dandamalin duka a daɓe ɗaya suke da titi. Daga tasi har ƙofar tarago ba ka hawa matakala ko ɗaya. Mai akwati biyu da yaro a hannu ya san darajar wannan. Tarkon da ke ciki guda ne: wasu dandamalin suna can nesa. Masu lamba 25 zuwa 29, da waɗanda aka rubuta wa 1 est da 2 est, sai ka yi tafiyar kusan minti 10 da sauri kafin ka kai, kuma galibi jiragen kusa da gari ne ake kai wa can. Lambar dandamali, wadda suke kira binario, ba ta fitowa a allo sai saura 'yan mintoci, sai ka ga jama'a sun kwasa gaba ɗaya kamar an kaɗa su.

Wajen ɗorewa babu wadda ta kama ƙafarta. Kusan duk jirgi mai gudu da ke ratsa Rum yana tsayawa a nan, na kamfanin Trenitalia da ake kira Frecciarossa da na kamfanin Italo. Milan awa 3 ce a jirgin da ba ya tsayawa a hanya, Firenze kimanin awa ɗaya da rabi, Napoli awa ɗaya da minti 10, Venezia wajen awa 4. Idan ɗaya ya wuce ka, wani na bayansa, kuma ofisoshin tikiti na kamfanonin biyu suna nan da ma'aikata a zaune. Daga nan ne kuma jiragen Sisili ke tashi, waɗanda ake shigar da taragunsu cikin jirgin ruwa a tsallaka mashigin Messina da su. Ranar yajin aiki, wanda ba baƙon abu ba ne a Italiya (kalmar sciopero ta cancanci ka haddace ta), hanyar Termini zuwa Fiumicino na cikin waɗanda aka yi alkawarin ba za a yanke ba, ko da bas za a kawo a madadin jirgi.

Haɗari kuwa shi ne bashin da take biya saboda cikarta. Inda baƙi suka taru da jakunkuna da idanu a kan allo, nan 'yan sane ke kiwo. Wuraren da suka fi ta'adi su ne ƙofar taragon metro lokacin da ake turereniya, gaban injin sayar da tikiti, da bas mai lamba 64 da ke zuwa Vatikan, wanda ya yi suna a wannan harka tun da daɗewa. Akwai masu matsowa da fara'a su ce za su taimaka maka da injin tikiti ko su ɗaukar maka akwati, ƙarshenta su nemi lada ko su yi gaba da canjinka. Akwai masu tare ka a ƙofa suna cewa "tasi, tasi". Tasin gaskiya fara ce, da alamar hukumar birni da lambar lasisi a jikin ƙofa, kuma a layi take jira, direbanta ba ya farautar fasinja. An sa shingaye a hanyar shiga dandamali, sai mai tikiti ke wucewa, wannan ya rage matsalar a ciki. 'Yan sanda da sojoji ma ba sa rabuwa da wurin. Kada a zuzuta abin fiye da kima: sata ce ta sulale, ba fashi ba. Amma titunan gefen tashar, musamman ɓangaren Giolitti, ba wurin tsayawa duba waya ba ne da tsakar dare.

Tiburtina: sabon gini da jama'a ba su cika ba

Ita ma tsohuwa ce a asali. A 1866 aka buɗe ta da sunan Portonaccio, a gabashin gari, bayan babbar maƙabartar Verano. Tana ɗauke da tabo mai nauyi a tarihinta. Ranar 18 ga Oktoban 1943 daga nan aka loda Yahudawan Rum sama da 1,000 cikin taragun kaya zuwa sansanin kisa na Auschwitz, kwana biyu bayan sojojin Jamus sun kama su. Mutum 16 ne kawai suka dawo da rai.

Ginin da ake gani yanzu na 2011 ne, zanen Paolo Desideri da abokan aikinsa. Wata doguwar gada ce ta gilashi, tsawonta kimanin mita 300, an ɗora ta a kan layukan dogo ta haɗa unguwar Nomentano da ta Pietralata. Saura 'yan watanni a buɗe ta, a watan Yulin wannan shekara, gobara ta cinye ɗakin sarrafa zirga-zirgar jirage ta hargitsa sufurin ƙasar na kwanaki, duk da haka aka buɗe ta a ƙarshen Nuwamba, aka sa mata sunan Cavour, firaministan farko na haɗaɗɗiyar Italiya, albarkacin cikar haɗewar Italiya shekara 150.

Dalilin gina ta shi ne abin da zai fahimtar da kai halinta. Jirgin da ya taso daga Milan zai tafi Napoli, idan ya shiga Termini dole ya tsaya ya juya ya fito ta inda ya shiga, ana asarar lokaci. Tiburtina kuwa a kan hanya take, jirgi ya tsaya ya sauke ya wuce. An yi niyyar ta zama babbar tashar jirage masu gudu. Fasinja ne suka ƙi ba da haɗin kai, don tsakiyar gari suke so. Italo ma da ya fara aiki a Afrilun 2012 daga Tiburtina da Ostiense yake lodi, bai huta ba sai da ya samu shiga Termini a 2014. Sakamakon haka aka wayi gari da babbar riga a jikin ƙaramin yaro: fili mai yalwa, haske ko'ina, jama'a daidai misali. Ga wanda ya tsara ta wannan ci baya ne. Ga matafiyi kuwa gaba ta kai shi.

Kuɗin isowa daga Fiumicino Yuro 8 ne a jirgin yanki mai lamba FL1, tafiyar minti 48 ko kusa da haka. Yana tsayawa a Trastevere, Ostiense da Tuscolana kafin ya iso, kuma ba ya shiga Termini sam. Ragin Yuro 6 ke nan a kan kowane mutum. Manya biyar da za su je su dawo sun tsira da Yuro 60. Kuma lokacin da ake ganin an yi asara bai kai yadda ake zato ba, domin jirgin Firenze ko Milan da ya tashi daga Termini sai ya yi kusan minti 10 kafin ya iso Tiburtina ya same ka a tsaye. Amma idan masaukinka a tsakiyar gari yake, lissafin ya canza. Za ka ƙara Yuro 1.50 na metro, ka sauka ka hau da kaya, ka kashe sama da awa guda, duk don ragin Yuro 4.50. Ban ga riba a nan ba, sai ga mai jakar goyo guda.

Sauƙinta iri dabam ne. Ba turereniya, allunan a bayyane suke, ka samu wurin tsayawa ka yi tunani. Sai dai hawa da sauka ba makawa, ko ta kan gada ko ta ƙarƙashin ƙasa, don haka mai kaya da yawa ya dogara ne da lif da matakala mai tafiya da kanta. Layin metro ɗaya gare ta, B, zango huɗu zuwa Termini. Mai zuwa daga Termini ya lura: layin yana rabuwa biyu a tashar Bologna. Jirgin da aka rubuta wa Rebibbia shi ke biyawa ta Tiburtina, na Jonio wata hanyar yake ɗauka. Mutane da yawa sun rasa jirginsu a kan wannan 'yar kalma guda.

Abin da take da shi wanda Termini ba ta da shi shi ne babbar tashar bas ta dogon zango, Tibus, a daidai ƙofarta. Daga nan FlixBus da Itabus da sauransu ke tashi zuwa Abruzzo, Puglia, Calabria, Sisili, har da ƙasashen waje. Duk wanda tafiyarsa ta haɗa jirgi da bas, maganar zaɓi ma ba ta taso ba. Jiragen Tivoli ma galibi daga nan suke tashi.

Wajen ɗorewa tana bayan Termini. Ba kowane jirgi mai gudu ke tsayawa a nan ba, kuma mafi saurin na Milan sukan wuce ta. Mai zuwa kudu ma ba ta yi masa rana: idan ka hau jirgin Napoli a nan, yawanci sai ya fara shiga Termini ya yi jira ya juyo, ka ƙara wa kanka kusan minti 20. Ranar yajin aiki FL1 jirgin yanki ne kamar sauran, abin da aka lamunce masa a ranakun aiki shi ne ƙarfe 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na yamma. Ranar Lahadi kuma yawan jiragensa na raguwa, jira ya kan kai rabin awa. Idan kuwa matsalar ta layin dogo ce gaba ɗaya, to jirgi ɗaya ya kwaso tashoshin biyu. Ranar 2 ga Oktoban 2024 ƙusa guda da wani ma'aikaci ya buga a kan wayar lantarki ta tsayar da Termini da Tiburtina tare, ta rikita jadawalin ƙasar tun daga safe.

'Yan sane sun fi ƙaranci a nan, don kasuwarsu ba ta ci kamar a Termini. Haɗarinta na kaɗaici ne. Da dare kantuna na rufewa, kewayen tashar bas ya yi shiru, otal-otal na kusa ba su da yawa. Metro na tsayawa da ƙarfe 11:30 na dare, sai Juma'a da Asabar da yake kaiwa 1:30. Wanda bas ya sauke bayan wannan lokaci sai tasi ko bas ɗin dare.

| Abin dubawa | Termini | Tiburtina |
|---|---|---|
| Jirgi daga Fiumicino | Leonardo Express, Yuro 14, minti 32 | FL1, Yuro 8, kimanin minti 48 |
| Metro | Layin A da B | Layin B kaɗai, reshen Rebibbia |
| Jirage masu gudu | Kusan duka | Da yawa, ba duka ba |
| Zuwa arewa | Zaɓi mafi yawa | Tafiya ta ragu da kusan minti 10 |
| Zuwa kudu | Kai tsaye | Yawanci sai an biya ta Termini |
| Jan kaya | Daɓe ɗaya, wasu dandamali na da nisa | Hawa da sauka, akwai lif |
| Bas na dogon zango | Ba cibiyarsu ba ce | Tibus na bakin ƙofa |
| Masauki a kusa | Birjik | Kaɗan |
| Cunkoso da 'yan sane | Sosai | Da sauƙi |
| Ranar yajin aiki | Hanyar filin jirgi ba ta yankewa | Sa'o'in da aka lamunce kawai |

Akwai ta uku da ba ta shiga teburin ba, Ostiense, wadda aka tsara don tarbar Hitler a ziyararsa ta 1938. Ba tashar jirage masu gudu ba ce a yau, amma FL1 na tsayawa a cikinta, tana haɗe da metro na Piramide, kuma jiragen Civitavecchia, inda manyan jiragen ruwa ke tsayawa, suna bi ta nan. Mai masauki a unguwar Testaccio ko Aventino ya sauka a nan ya huta.

Kurakuran tikiti da ba ruwansu da tashar da ka zaɓa

Tikitin jirgi mai gudu na jirgi ɗaya ne da kujera ɗaya, kuma kuɗinsa na hawa yayin da ranar tafiya ke matsowa. Mafi arahar, irin su Super Economy na Trenitalia da Low Cost na Italo, su ne masu tsauraran sharuɗɗa, idan jirgi ya wuce ka kuɗin ya tafi. Wanda zai sauko daga jirgin sama ya tuna da layin duba fasfo da jiran akwati, ya bar tazara mai kyau, ko ya sayi tikitin da ake iya canzawa. Kamfanonin biyu kishiyoyi ne, tikitin ɗaya ba ya aiki a jirgin ɗayan.

Tikitin takarda na jirgin yanki, wanda aka saya a inji ko a kanti, sai an buga masa hatimi a 'yar na'urar da ke bakin dandamali kafin a hau. Mai duba tikiti ba ya karɓar uzurin baƙunta, tara zai rubuta. Idan kuma jirgin ne ya makara, dokar Tarayyar Turai ta ba ka kashi 25 cikin 100 na kuɗinka idan jinkirin ya kai awa guda, rabi idan ya kai awa biyu.

A allon sanarwa ka bi lambar jirgi, kada ka bi sunan gari, domin ƙarshen zangon jirgin ake rubutawa. Mai zuwa Firenze zai iya ganin Milano ko Venezia ko Torino a gaban jirginsa. Sannan mai shigowa Rum daga arewa ya sani Tiburtina ce ke fara zuwa. Da an ce "Roma" sai ka ga baƙi sun miƙe sun sauka, jirgi ya tafi, sannan su fara neman Colosseo a unguwar da ba shi.

Wa ya dace da wace

Idan zuwanka na farko ke nan kuma a Rum za ka kwana, ɗauki Termini. Yuro 6 da za ka ƙara a Leonardo Express kuɗin kwanciyar hankali ne, ka dai rataya jakarka ta gaba. Haka mai tafiya da tsoho, ko mai keken guragu, ko mai manyan akwatuna: daɓe ɗayan nan ya fi kowane ragi. Idan kun kai huɗu da kaya kuma masaukinku na cikin ganuwa, ku auna tasi ma. Yuro 55 ne har ƙofar otal, alhali ko da rangwamen da ake yi wa mutum huɗu a jirgi, akwai sauran tafiya bayan kun sauka.

Mai zuwa Napoli, Salerno ko Sisili, Termini. Mai sammakon kama jirgin sama a ranar da aka sanar da yajin aiki, Termini. Ɗan kasuwar da ke son ya je Milan ya dawo a yini ɗaya, shi ma Termini, don a nan marasa tsayawa suke. Wanda ke da awa biyar kacal a gari yana son ya ajiye kaya ya zaga, nan ne wurin ajiya yake, nan ne kuma abin kallo ya fi kusa.

Tiburtina ta wanda Rum hanya ce a gare shi. Ka sauka a Fiumicino za ka wuce Firenze, Bologna ko Venezia a ranar: hau FL1, sauka a Tiburtina, hau jirginka, ba ka ga cunkoson Termini ba balle ya dame ka. Kafin ka saya ka duba ko lokacinka ya dace da ɗaya daga cikin 'yan jiragen Frecciarossa da ke tashi daga filin jirgin kansa, don su ba sa buƙatar canji. Ita ce kuma ta mai haɗa jirgi da bas, da ɗalibi ko mai jinya da ke zaune wajen Piazza Bologna da asibitin Policlinico, da iyali masu yawa da ke lissafin kowane Yuro. Sharaɗin dai ka iso da sauran rana, kuma ka tabbatar jirgin da ka saya yana da Tiburtina a jerin tashoshinsa kafin ka biya.